Sun Yanke Ka a Hoto, Hannunka Ya Rage a Kafaɗata

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yayana.

Bayan gaisuwa ta ƙanwa ga wanta, da durƙuso har ƙasa ko da ba ka gani, ina fatan wannan saƙo zai same ka lafiya a duk inda Allah Ya ajiye ka. In ka tambayi mutanen Alƙahira, muna nan kalau, sai zafi da hon ɗin motoci. Maigidana Malam yana gaishe ka. Ka san aji uku na tsaya a sakandare, to ka yi haƙuri da yadda rubutun zai fito. A shafina nake rubutawa saboda lambarka ta daina shiga tun bara, na ce ko wata rana ka ari wayar wani ka leƙo. Na san masu bibiyata za su karanta. 'Yan gidanmu ma za su karanta, kuma su na fi so su gani.

Yaya, na haihu. Namiji ne, bayan duk shekarun nan da ake ta cewa ruwan Masar ne bai karɓe ni ba. Yau aka yi suna. Amma kafin in gaya maka sunan, sai ka fara jin abin da aka yi maka a bayan idonka, don raina a ɓace yake tun kafin in sauka.

Ka tuna hoton bikina, wanda aka ɗauka a tsakar gidanmu na Funtuwa? Ka zo a gurguje daga bariki da kakinka, ka tsaya can gefe ka dafa kafaɗata. To da sallar layya Sabi'u ɗan Baffa Saje ya sa shi a guruf ɗin gida. Na buɗe ina murna. Ga Inna, ga Baffa da hularsa, ga ni da idanu a kumbure don kuka. Na duba gefe, babu kai. An datse hoton daidai kafaɗata. Sai dai da yake Sabi'u ko albasa bai iya yankawa ba, ya bar yatsunka a kafaɗata da bakin agogonka.

Na rubuta na ce ina Yaya. Kowa ya karanta, ba wanda ya tanka. Can sai ga muryar Baffa, an naɗo ta an turo: "Gidan nan gidan soja ne, ba a haifi matsoraci a cikinsa ba. Ba mu da ɗa mai wannan suna. Kada in ƙara jin an ambace shi."

Ga abin da suka ce ka yi, ko ba ka sani ba. Wai garin da aka kai ku gadi can gabas, da mahara suka shigo, ka jefar da bindiga ka shige daji. Wa ya gani? Wani ne ya ji daga wani, shi kuma ya gaya wa Baffa a wajen zaman 'yan fansho. Ba a kawo gawa ba, ba a kawo kai ba, ba a ji ta bakinka ba. Shi ke nan aka yanke maka hukunci a zaure ana shan shayi.

Abin da ya fi ci mini rai, Yaya, kai ka koya mini wannan aikin tun kafin a yi maka shi.

Ka tuna tsohon littafin nan naka marar bango, na yaƙe-yaƙen Rumawa, wanda ka tsinto wajen mai ƙosai kafin ta naɗe ƙosai da shi? Ka ishe mu da shi. Muna tuwo kana ba mu labarin janar ɗin da ya ƙetare kogi da rundunarsa ya zo ya ci garinsu da yaƙi. Muna wanke-wanke kana ba mu na abokin gabarsu da ya hau duwatsu da giwaye. Sunayensu har yau ban riƙe ko ɗaya ba, duk ƙarshensu us us kamar ana korar kaji. Amma labaran suna nan a kaina daram.

Akwai wanda ka ba ni ina tsefe kai, na ce ka daina don ya tsorata ni. Wani sarkin Rum ya mutu ya bar wa 'ya'yansa biyu sarauta, su yi tare. Babban ya sa aka kashe ƙaramin a jikin uwarsu. Bai tsaya nan ba, ya ce a bi duk ƙasar a kankare sunan ƙanin daga jikin dutse, a fasa gumakansa, a goge fuskarsa a zane. Uwar ma aka hana ta kuka a fili. Ka ce mini: "Balki, su Rumawa kisa bai ishe su ba, so suke a ce ba a taɓa haihuwarka ba."

Ranar da na ga hoton nan na Sabi'u, wannan maganar ce ta faɗo mini. Na sa Malam ya taya ni rubuta turancin, na nemo a waya. Ashe zanen yana nan har yau, a jikin wani faifan katako, kuma wai a ƙasar nan ta Masar aka tono shi. Uba da kambinsa, uwa da 'yan kunnenta, yaro ɗaya yana kallonka, sai wani kankararren wuri a inda fuskar ɗayan take. Wallahi Yaya, in ka buɗe zanen, idonka ba ya zuwa kan sarki, ba ya zuwa kan mai ran. Kan kankararren wurin yake fara sauka. Sarki guda, mai rundunoni daga teku zuwa teku, ya zauna yana faɗa da fenti, kuma fentin ya kayar da shi. Ina ma Baffa zai ga wannan. Ina ma ya san duk wanda ya buɗe hoton bikina yanzu, yatsun nan yake fara tambaya.

Na san dalilin da Baffa ya riƙe ka tun da daɗewa, ko da kowa zai yi kamar ya manta. Ranar nan ce da ka ba da labarin yadda janar-janar ɗin Rum suke yi wa rundunar da ta juya baya. A jera su goma-goma, a jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa kansa sauran tara su kashe shi da kulake, abokan cin tuwonsa. Waɗanda suka rage a hana su alkama a ba su sha'ir kamar dabbobi. Baffa yana ta gyaɗa kai yana cewa haka ake gyara soja. Kai kuma da bakinka da ba ya shiru ka ce: "To Baffa, shi janar ɗin da ya kai su inda aka ci su da yaƙi, wa ya jefa masa tasa ƙuri'ar?" Takalmi ya bi ka da shi har ƙofar gida. Ni ina bayan randa ina dariya. Yau ba dariya nake ba. Yau ni nake maimaita tambayar, kuma a shafina, inda takalmi ba ya isowa.

Ni ban san abin da ya faru a garin nan ba. Ban san ko harsashinku ne ya ƙare ba, ko dare ne ya raba ku, ko kana kwance a wani wuri da ba wanda ya sani. Baffa ma bai sani ba. Amma bari in gaya maka tsakani da Allah: in ma gudun ka yi, Allah Ya ƙara wa ƙafarka sauri. Mutumin da ya goya ni zuwa asibiti ranar da kunama ta harbe ni, yana gudu ba takalmi, ba zan zauna a gaya mini wai gudunsa abin kunya ne ba.

Ka tuna wasan da muke yi da baron Baba, Allah Ya jiƙansa? Ka ɗaure guntun tsintsiya a kan kwano ka kifa a kai, wai hular sojan Rum. Murfin tukunyar Inna garkuwa. Ka hau baro ka tsaya, su Sabi'u suna turawa, wai ka ci yaƙi kana shiga birni. Ni kuma ka ce in tsaya a bayanka in riƙe faifai saman kanka, don haka suke yi: bawa ne yake tsayawa bayan janar ranar bikin nasara, jama'a suna ta kirari, shi kuma yana raɗa masa a kunne, ka tuna kai mutum ne. Na yi ta faɗa har na gaji na ce sai an ba ni alewa. Baron ya kife da mu a bakin kwata.

Ka ga Rumawan ma, da duk rashin imaninsu, sun san janar mutum ne. Mu a gidanmu ƙaramin soja ma an hana shi zama mutum. Kuma Sabi'un da ya tura baron nan yana maka kirari, shi ne ya sa yatsa ya datse ka. Shi da ko ƙarar tayar mota ya ji sai ya nemi bayan ƙofa.

Garin nan ma ya koya mini abu a kan hotuna. Ka san ina zuwa da 'yan makonni gari ya rikice da zanga-zanga. Tun daga lokacin, mai gidan burodin da ke ƙasan benenmu a unguwar Hada'ik ya sauke hoton shugaba ya rataya wani, ya sake saukewa ya rataya wani. Firam ɗin bai canza ba. A cikin metro, jirgin ƙasa na cikin gari, na ga an bi taswira an kankare sunan wata tasha da mukulli, kowa kuma ya san sunan tsohon shugaba ne ƙarƙashin kankarar. Sai na tuna ka ce masu sassaƙa a Rum sukan cire kan tsohon sarki daga gunki su ɗora na sabo, jikin yana nan yadda yake. Maƙwabciyata Hajja Amna, Bahausar Sudan ce, ita ta zame mini uwa a nan, da na ba ta labari sai ta ce: "Ƙusar ɗaya ce, ya bitti, 'yata, hoto ne yake hawa yana sauka." To su shugabanni ne, sun ci sun sha, su suka san tsakaninsu da mutanensu. Kai me ka ci? Kai da albashinka na farko ka saya wa Baffa rediyo.

Na je hasumiyar nan da kake ta damuna in ɗauko maka hoto. Ta sojojin Rum, a tsohuwar Alƙahira. Cikina ya tsufa lokacin, Hajja Amna tana ta faɗa, na ce yalla kawai mu je. Kana fitowa daga metro ga ta nan. Zagayayya ce, layin jan bulo layin farin dutse, kuma ta nutse ƙasa, sai ka leƙa ta daga sama kamar rijiya, don gari ya hau kanta. Na tsaya na riƙe ƙarfe ina kallo. Wani mai yi wa Turawa bayani yana ta jero sunayen sarakunan da suka sa aka gina, us us ɗin nan naka. Ban ji ya faɗi sunan ko mutum ɗaya da ya ɗauki bulo ba, ko wanda ya kwana gadi a kai yana tunanin tuwon uwarsa. Na ce a raina, nawa ne a cikinsu yaran ƙauye irinka da aka kwaso daga nesa? Nawa ne ba su koma gida ba, aka ce da uwayensu gudu suka yi? Alkamar ƙasar nan ake lodawa a jirgi a kai Rum sarki ya raba a yi masa tafi, su kuma suna nan suna gadin kogi. Na ɗauki hoton, ya yi kyau. Na tura lambarka. Yana nan bai shiga ba.

To yanzu maganar suna.

Tun ina da ciki na ce wa Malam in namiji ne sunanka nake so. Ban san wa ya kai wa Baffa ba, amma ina zargin bakina, ka san ni da waya. Washegarin haihuwa ya kira Malam, ina jin muryarsa daga ɗaki: "Ni na ba ka yarinyar nan, ka ji kunyata. Sunaye sun ƙare ne? In aka sa wa jaririn nan wannan suna, to ita ma ta bi ɗan'uwanta, ba mu ba ita."

Ka san Malam. Mutum ne da in ka taka shi, shi zai ce maka ma'alish, wato yi haƙuri. Ga shi Baffa ne waliyyina, ko a waya sai ya cire hula yake gaishe shi. Na ji yana ta to Baffa, in sha Allahu Baffa, Allah Ya huci zuciyarka Baffa. Da ya shigo na ce me ka yanke? Ya ce: "Balki, ki sha kununki." Khalas, abin da na samu ke nan.

Kuma ka san al'ada, tun ranar haihuwa ya riga ya yi wa yaro huɗuba a kunne, ba wanda ya ji abin da ya raɗa masa. Sati guda ina shayar da mutum, shi ya san sunansa, ni ban sani ba. Ina kallonsa ina cewa kai dai gaya mini, ba zan faɗa wa kowa ba. Sai ya yi hamma. Na yi fushi da Malam, na daina yi masa magana sai ta bakin Hajja Amna, alhali shaƙƙar tamu, wato gidan hayar, ɗaki ɗaya ce da falo. Ita kuma tana gasa mini jiki da ruwan zafi tana cewa: "Mai jego ba ta yaƙi, ki bari ki warke tukuna."

Ba sunan kawai nake wa kuka ba, Yaya. Inna nake tunani. Kai ne ɗan farinta, tunda aka haife ni ban taɓa jin sunanka a bakinta ba. Yaron nan, haka take cewa. Yaron nan ya ci abinci? Yaron nan ya kira? Wannan kara ce, kunya ce irin ta iyayenmu, kowa ya san so ne a cikinta. Yanzu gida gaba ɗaya ya koma ba a faɗin sunanka, sai shirunta ya ɓace a cikin nasu, kamar ita ma da su take. Suka sace mata shirunta. An hana ta kuka a tsakar gida kamar uwar 'ya'yan sarkin nan, a gidan da take zaune albarkacin Baffa tun rasuwar Baba. Na ce in yaron nan bai ɗauki sunanka ba, nan da 'yan shekaru yaran gidan ba za su san an yi ka ba. Wannan ne ya hana ni barci, ba kukan jariri ba.

Yau da safe abokan Malam na jami'a suka cika falo, har kan matakala. Dabino, shayi, da ɗan goron da wani ya zo da shi daga gida aka fasa shi ƙanana don ya zagaya. Rago yana wajen mahaucin layinmu. Mu mata muna ɗaki, Hajja Amna ta manna kunne a jikin ƙofa. Na ji an shafa fatiha. Ta juyo tana gyara mayafi ta ce: "Mabruk. Yayanki ya dawo gida."

Da mutane suka ragu na ce wa Malam, ashe ka iya taurin kai? Ya ce shi bai yi taurin kai ba. Ya ce: "Kafin Baffa ya kira, kunnen yaro ya riga ya ji. Kuma duk karatun da na zo yi garin nan, ban ga inda aka hukunta mutum ba a ji ta bakinsa ba." Na ce to me ya sa ka bar ni ina ta fushi? Ya ce don ya san in na ji, kafin la'asar duk Funtuwa ta ji. Gaskiya ya faɗa.

Kafin azahar an cire ni daga guruf ɗin gida. Sabi'u ne ya cire ni, waya ta nuna. Ban ce abin bai yi mini zafi ba, gidanmu ne, a can nake ganin bikin kowa da rasuwar kowa. Amma Sabi'u, tunda na san kana karantawa: in za ka datse ni a hoton, ka lura, kaina a jingine yake da kafaɗar Inna. Sai dai ka haɗa da ita.

Bayan la'asar wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba daga gida. Inna ce, ta ari wayar maƙwabta, ina jin kukan awakinsu. Ba ta yi dogon barka ba. Ta tambayi jikina, ta tambayi ruwan nono, ta ce in dinga shan kunun kanwa ko da na Masar ne. Can ta ce in kara wa jaririn wayar a kunne.

Na kara masa, amma na sa kaina kusa, ka san ni.

Yaya, ta kira shi. Ba ta ce yaron nan ba. Ta ce: "Habibu." Ta sake cewa: "Habibu, ka ci abinci?" Jariri ɗan kwana bakwai. Tana faɗin sunan a hankali kamar mai taka ƙasa bayan doguwar jinya. Ni da ita mun san ba da shi take ba.

Shi ma ɗan farina ne, ya kamata in yi masa kara in nemo masa wani laƙabi. Ba zan yi ba. Habibu zan kira shi, a metro, a kasuwa, daga saman bene, har maƙwabta su gaji. In ya yi wayo zan kai shi ya leƙa hasumiyar nan, in saya masa tsintsiya da kwano, in riƙe masa faifai.

Allah Ya tsare ka in kana raye, Ya ba ka ruwa in kana jin ƙishi, Ya haɗa ka da masu tausayi, Ya karkato da ƙafarka gida. In kuma ka riga mu, Allah Ya sa ka huta, Ya haskaka inda kake kwance ko da mu ba mu san wurin ba. Allah Ya sanyaya zuciyar Inna. Baffa ma Allah Ya sassauta tasa, don ban iya yi masa wata addu'ar ba tukuna. Amin.

Hoton Sabi'u na ajiye shi yadda yake, shi ne a fuskar wayata. Hannunka yana nan inda ka bar shi.

Ƙanwarka mai riƙe faifai,
Balki, Maman Habibu
Hada'ik, Alƙahira